Bututu da Ledar Ƙanena

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Yau a taron shagon Tela aka tsayar da maganar tafiya. Saura mako biyar a yi husufin rana, kuma wai a nan garinmu rabinta kawai zai rufe. Mai son ya ga ta rufe ruf, har taurari su fito da tsakar rana, sai ya yi tafiyar kwana ɗaya da wuni a mota. Mu goma sha ɗaya muka ɗaga hannu. Ni na fara ɗagawa, amma da aka zo rubuta sunaye na ƙanena ne a sama, don biro a hannunsa yake.

Shekara ashirin da shida ke nan da ni da Tela muka kafa wannan ƙungiya ta masu kallon taurari a kan rufin shagona na walda. Ba mu da komai sai Bututu, madubin hangen nesan da na ƙera da hannuna daga bututun ruwa. Gilashin cikinsa wata bakwai na yi ina gogawa, har fatar yatsuna ta saɓule. Ƙanena kuwa bara ya yi ritaya daga koyarwa ya dawo gari. Ko shekara bai cika a cikinmu ba. Yau Mai Kemis ta kira shi Shugaba. Ta ce wasa take yi. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya gyara mata.

Litinin, da hantsi

Ƙanena ya zo shago gaishe ni da hoton hanya a wayarsa. Yana nuna mini yana cewa, “Ka gane, Yaya?” Sau huɗu ya faɗa. Na ƙirga.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Muna yara, rana ɗaya Baba ya fita da mu biyu, ni da ƙanena. Ya ajiye shi a ƙofar makaranta, ya wuce da ni gaba ya ajiye ni wurin mai walda. Ba a tambaye ni ba. Wannan rubutun ma 'yata Auta ce ta koya mini ina da shekara hamsin, bayan rasuwar uwarta, don ta gaji da karanta mini takardu. Amma sama ba a makaranta na koye ta ba. Ni na nuna masa taurarin Kaza da 'ya'yanta yana yawo ba wando. Yau shi ne ke tsayawa gaban mutane yana faɗin sunanta da wani yare, suna gyaɗa kai kamar sabon abu aka kawo.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na yamma

An yi ta yau.

Ƙanena ya zo da kwali cike da tabarau na takarda, ya raba wa kowa, wai da su za a kalli rana. Sai ya fito da wata leda mai sheƙi kamar ta cikin kwalin madara, ya ce ita za a ɗaura a bakin Bututu ta gaba, inda haske ke shiga. Na ce ba wanda zai ɗaura wa Bututu leda, ba kifi ba ne. Na ciro gilashin walda daga aljihu, na ce wannan zan sa a baya, inda ake kara ido, a wuce wurin.

Ya ce, “Yaya, gilashin walda yana yi in da ido kawai za a kalla, shi ma sai lamba goma sha huɗu. Amma a bayan Bututu nan ne duk zafin rana ke taruwa wuri guda. Zai fashe.”

Na ce, “Shekara hamsin da biyu ina kallon wutar da ke narka ƙarfe. Kai me ka taɓa narkawa ban da alli?”

Aka yi dariya. Tela ya ce, “Malam, ƙyale shi, wannan ko ruwan zafi aka ba shi sai ya ce a ƙara masa wuta.” Aka sake dariya, na ɗauka nawa ne. Sai Mai Kemis ta ce a ɗaga hannu. Masu goyon bayan leda tara. Na juya na dubi Tela, hannunsa a sama, ga almakashi ma bai ajiye ba.

Da za mu fita ya riƙo rigata ya ce, “Mai Walda, ba kai na ƙi ba, idona nake so.” Na ce ya sakar mini riga.

Lahadi, da safe

Shekara ashirin da shida. Da almakashi a hannu.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na ƙera ɗan zoben ƙarfe mai riƙe gilashi, ya zauna a bayan Bututu cif, kamar tare aka haife su. In na gwada na gani, ran Asabar zan kai musu, na ajiye a kan teburin Tela ba tare da na ce uffan ba. Ina so in ga fuskar ƙanena.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Sama tas, ba gajimare. Zan hau rufi.

Laraba, ƙarfe uku

Gilashin ya tsage. Dama tsoho ne.

Ba komai.

Alhamis, da safe

Ba komai.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Wata mata ta dawo da ƙofar da na yi wa walda jiya, wai na ɗinke gefen tsagar na bar tsagar. Na ce ƙarfen yanzu ne ba shi da kyau. Ta ce, “Baba, ƙarfen ne ya matsa gefe?” Mutanen yanzu baki gare su.

Akwai wani ƙuda da ya dame ni tun shekaranjiya. Duk inda na duba yana nan a tsakiya. Na kai masa duka ya fi sau goma.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Ban je taro ba. Ina da aiki.

Tela ya aiko a tambaya ko lafiya. Tun da ya tuna da ni, ai na gode.

Litinin, da hantsi

Na zuba shayi a gefen kofi. Auta tana tsaye. Ta goge tebur, sannan ta zo ta rufe mini idon hagu da tafin hannunta, ta ce, “Baba, yatsu nawa?” Na ce ban haife ta don ta yi mini jarrabawa ba. Ta ce, “Yatsu nawa?” Muryar uwarta sak. Na ce uku. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Likitar ido mace ce, sa'ar Auta. Ta ɗiga mini magani, ta haska, ta daɗe tana haskawa. Ta ce, “Baba, rana ka kalla?” Na ce walda ce. Ta ce walda ba ta yin irin wannan. Na ce to ita ta fi ni sanin walda ke nan. Ta faɗi abin da ta faɗa, Auta ce ta saurara. Ni abin da na riƙe shi ne na hagu lafiya lau. Mutum nawa ne suke cin abincinsu da ido ɗaya?

A hanya na ce wa Auta in baffanta ya ji, ba ni ba ita. Ta ce to.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ya ji.

Ya shigo shago ya ce, “Sannu da aiki, Yaya.” Ya zagaya, ya tsaya wurin bokitin da nake zuba guntayen ƙarfe. Na san me ya gani, don ban yi dabarar jefar da shi nesa ba. Ya sunkuya ya ɗauko zoben, gilashin a tsage gida biyu. Ya juya shi, ya ce, “Aikin zoben ya yi kyau.” Ya mayar. Sai ya ciro awon tela daga aljihu, na Tela ne, na san shi, ya auna bakin Bututu ta gaba, ya rubuta a bayan hannunsa, ya yi sallama.

Da ya ce, “Ban faɗa maka ba?” da na san yadda zan yi da shi. Na shirya masa amsa tun mako guda. Bai ce ba. Halinsa ke nan tun yana ƙarami, a yi faɗa ya yi shiru, Inna ta shigo ta tarar ni kaɗai ke ihu.

Asabar, ƙarfe bakwai saura na yamma

Na je taro. Na zauna ta inda duk za su faɗo mini a hagu. Ba wanda ya kalle ni da wata fuska, ashe bai faɗa musu ba. Wato yanzu sirrina ma a aljihunsa yake.

Direban da za a ɗauka ya zo ya ce Bututu ba zai shiga motarsa ba, sai dai a bar mutum uku. Mai Kemis ta ce ai ba sai an wahala ba, tun da Malam yana da nasa ƙarami mai shiga jaka, wanda yake nemo rana da kansa yana ɗaukar hoto. Mutum huɗu suka ce haka ne. Na buɗe baki ke nan sai ƙanena ya riga ni.

Ya ce, “Nawa hoto kawai ya iya. In Bututu bai je ba, ni ma ba na zuwa.”

Shi ke nan. Magana ta juya nan take. Mai Kemis ta ce ita dama shawara ta kawo. Direba ya ce in an ƙera masa mazauni a saman mota, ba matsala. Tela ya daki kafaɗata yana murna, wai “Ka ji ɗan'uwa!”

Na ji ɗan'uwa. Abin da na ƙera, wanda kowannensu ta cikinsa ya fara ganin ramukan wata, yau sai da wani ya sa baki kafin a ba shi wurin zama a saman mota. Da sun ƙi gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi.

Litinin, da hantsi

Na fara ƙera mazaunin. Da idon hagu. Layin waldar ya tafi kamar sawun maciji. Na goge na sake sau uku.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Tela ya zo shago, ya daɗe yana kallon aikin. Ya ce, “Mai Walda, wa ya yi maka wannan, koyo yake?” Na ce ni ne. Ya sake duban aikin. Na ɗago na dube shi, fuska ba hanci, baƙin abu a wurin. Ya ce, “Me ya sa kake kallona a karkace kamar zakara?” Na ce wuyana ne. Ya ce Malam ya san wani man shafawa mai kyau.

Malam ya san man shafawa. Malam ya san hanya. Malam ya san rana.

Alhamis, da safe

Auta ta ce ba inda zan je. Na ce ta ɗaure ni a ƙafar gado.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Ta yarda, amma na ji ta a waya tana cewa, “Baffa, amanarsa na ba ka.” Amanata aka ba shi. Wanda na goya ya yi mini fitsari a baya.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Taron ƙarshe. Ya kawo murfin da ya yi wa Bututu, kwali da ledarsa a tsakiya. Na so ya ƙi shiga. Ya shiga daidai.

Ya yi bayani, kuma zan rubuta shi yadda yake don kar na manta. In rana ta rufe ruf, za a yi minti biyu da sakan arba'in ana iya kallo ba tabarau, ba leda. A lokacin za a cire murfin. Mutum bakwai ke son kallo ta cikin Bututu, kowa sakan ashirin. Amma dole a mayar da murfin kafin gefen rana ya leƙo, don in ya leƙo da ido a kare, to. Nan ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce, “To, ba kyau.” Ana bukatar mutum ɗaya ya riƙe agogo da murfi, shi ba zai sami sukunin kallo sosai ba. Ya ce shi zai riƙe.

Na ce ba mai taɓa Bututu sai ni.

Ya ce, “Yaya, kai ne na farko a layi, na riga na rubuta.”

Na ce ya goge. Na ga abin da zan gani ta cikinsa.

Tela ya ce, “Kai, shekara ashirin da shida kana jiran wannan rana, ka ɓuge da kallon agogo?” Na ce ruwana ne. Ƙanena ya goge sunana, ya sa wani, ya sa kansa na bakwai. Ko a nan ma sai da ya nuna shi ne mai haƙuri.

Lahadi, da hantsi

Na gwada kara idon hagu a Bututu, ina duba tankin ruwan da ke can nesa. Hancina na tokare ƙarfe, hawaye na zuba. Don idon dama na ƙera shi.

Agogon hannu ba na ganin ƙaramin hannunsa. Na sauko da na bangon shago.

Talata, ƙarfe biyu na rana, a hanya

Mun tsaya shan mai. Ina kujerar baya da agogon bango a cinya. Direba ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinja mai wannan tsoron makara ba. Tela yana gaba kusa da ƙanena, tun safe suke hira. Na ji Tela yana ba shi labarin ranar da muka fara ganin zoben da ke kewaye da wani tauraro, yana cewa “muka gani, muka yi.” Bai ce wa ya saita ba.

Duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga kai ina sauraron saman mota. Waldar ta riƙe.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Mun iso. Filin ƙwallo ne a bayan wata makaranta, ga mutane daga ko'ina da na'urori masu tsada. Wasu sun zo sun kewaye Bututu suna ɗaukar hoto. Wani ya tambayi wa ya ƙera, ƙanena ya nuna ni, ya yi ta bayani da yarensu, suna kallona suna murmushi. Ban san me ya ce ba. Ko yabona ma sai ta bakinsa.

Mun yi gwaji sau biyu. In cire murfi, in kira suna, sakan ashirin, in kira na gaba. Shi ne na ƙarshe. Ya sunkuya, ya kara idonsa na dama, lafiyayye, ni kuma ina tsaye a gaba da murfi a hannu da agogo jingine a kujera. Daga ni sai agogon muka san lokaci. Na kama kaina ina wani lissafi. Na ajiye murfin na je na wanke fuska.

Ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, da safe

Ban ci komai ba. Sama tas.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

An yi.

Wajen sha ɗaya da rabi aka fara gutsurar rana daga gefe. Awa guda suna ta ɗaga kai da tabaran takarda kamar makafin haya. Haske ya yi wani iri, kamar an surka shi da ruwa. Sanyi ya taɓa mini hannu. Tsuntsaye suka yi ta komawa bishiya. Sai na ji filin gaba ɗaya ya ɗauki ihu, ƙanena ya ce, “Yanzu, Yaya!” Na cire murfin.

Ban ɗaga kai ba. Idona a kan agogo. Mai Kemis ta fara, ta tashi tana kuka. Tela ya kara ido ya ce, “Wayyo Allah, Mai Walda, wayyo Allah,” sai da na ture shi. Na uku, na huɗu, na biyar, na shida. Ban yi wa kowa ƙarin sakan ɗaya ba.

Na ce, “Na bakwai.”

Ya sunkuya. Na ga ƙeyarsa, duk furfura, ban san ya yi furfura haka ba. Ya kara idon. Sai na ji ƙarar nan ta ran Laraba a cikin kunnena, ƙas. Ba abin da ya fashe, a kaina ne. Kafin in san me nake yi, na kifa murfin.

Ya ɗago ya ce, “Yaya! Da saura!”

Na ce, “Lokaci ya yi.”

“Wallahi da saura!”

“Ni ke riƙe da agogo ko kai?”

Ya tsaya yana kallona cikin wannan duhu, ni ina danne da murfin da hannu biyu kamar zai tashi. Na ɗauka yau kam zai yi ihu, yau za a ga halinsa. Sai ya zagayo ya kama mini haɓa, kamar yadda ake yi wa mai gardamar shan magani, ya ɗaga ta sama.

Baƙar ƙwallo ce, farin gashi ya tashi kewaye da ita yana motsi. Ga Zara can gefe da tsakar rana. Baƙin abin da ke idona ya hau kanta ya zauna daidai. Tun ran Larabar nan, yau ne kawai na kalli abu ban ga ya ɓata shi ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Mai riƙe da agogo bai duba agogo ba. Ƙanena ne ya ce, “Kowa ya sa tabarau!” ya rufe mini fuska da tafin hannunsa, sannan haske ya dawo.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana, a hanya

Duk motar hirar jiya ake yi. Mai Kemis ta ce ba don ledar Malam ba da ba a ga komai ba. Tela ya ce ni kuma na cika tsoro, na cuci bawan Allah, mutum ya tsara tafiya tun daga farko amma shi kaɗai bai more Bututu ba. Ya ce, “Ko dai baƙin ciki ne, Mai Walda?” Aka yi dariya. Ni ma tun jiya nake yi wa kaina wannan tambayar.

Da aka tsaya cin abinci ƙanena ya baro gaba ya dawo baya ya zauna a haguna. Ya karɓi agogon ya ɗora a cinyarsa, wai in huta. Mun yi tafiya mai nisa. Can ya ce, “Sakan goma sha biyar ka cinye mini, Yaya.” Na ce ya kai ƙara.

Goma sha takwas ne. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, ko lissafin bai iya ba.